Bahaushe Mai Gari, Bahaushe Baƙo: Yadda Hausawa Ke Auna Matsayinsu A Ƙasashe Maƙwabta

Hausawa na daga cikin al'ummomin da iyakokin Turawan mulkin mallaka, da fatauci, da tafiyar aikin hajji suka warwatsa a ƙasashe da dama. A Jamhuriyar Nijar sun haura rabin jama'ar ƙasar. A Nijeriya su ne suka fi yawa a Arewa maso Yamma, kuma da harshensu ake ciniki a kusan kowace kasuwa ta Arewa. A Gana da Kamaru da Chadi da Togo da Benin da Sudan kuwa 'yan tsiraru ne, galibinsu a unguwannin da aka san su da su. Saboda haka kwatance ya zama abin hira a duk inda Hausawa suka taru. Na Nijar yana leƙen na Nijeriya, na Nijeriya yana leƙen na Nijar, mazaunin zangon Kumasi yana duban su duka biyu, na Sudan kuma yana mamakin yadda bayan shekara ɗari da ɗoriya har yau ake tambayarsa daga ina ya zo. Idan aka tace wannan hira za a tarar yawan jama'a bai cika yanke hukunci ba. Abin da ke yankewa shi ne wanda hukuma ta rubuta a matsayin ɗan ƙasa, da wanda aka yarje wa ya mallaki gona ya kuma naɗa shugabansa.

Garin Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, da maƙwabtansa Makarfi da Ikara, wuri ne da ya dace a tsaya a duba lamarin, domin mutanen yankin sun san fuskokinsa biyu. A gida su ne masu gari. Ƙasar Zazzau ce, kuma daga mai unguwa har hakimi, daga limami har shugaban ƙaramar hukuma, da Hausa ake magana. Sai dai arzikin yankin ya rataya a kan rake da tumatir da tattasai da attarugu da albasa da masara, kuma babban mai sayen kayan gwari yana Kudu. Matashin da ya loda kwandunan tumatir a bakin fadama ya bi mota zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, da zarar ya tsallake kogin Kwara ya zama baƙo, wanda idan ya faɗa hannun 'yan sanda sai Sarkin Hausawa ya je ya tsaya masa. A lokacin da shi yake gangarawa, wasu kuma suna sauka a garinsu: 'yan ci-rani daga jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, masu shayi da haƙar rijiya da sayar da ruwa da gadi, waɗanda harshensu ɗaya da na masu gari amma takardarsu daban.

Ba Hausawa kaɗai ke cikin wannan hali ba. Misalin da ya fi kama da nasu yana Kudu maso Gabashin Asiya, wajen Malayawa, su ma Musulmi masu harshe ɗaya da iyakoki suka raba. A Malesiya su ne masu rinjaye, kuma sashe na 153 na tsarin mulkin 1957 ya ba su matsayi na musamman wajen aikin gwamnati da tallafin karatu da lasisin kasuwanci. Bayan rikicin ƙabilanci na ranar 13 ga Mayu 1969 aka ƙara wa wannan fifiko ƙarfi da sabon tsarin tattalin arziki na 1971. A Singafo, wadda ta rabu da Malesiya ranar 9 ga Agusta 1965, ba su wuce kashi 15 cikin ɗari ba. Tsarin mulkin can ya amince su ne 'yan asalin tsibirin, harshensu ne harshen ƙasa, shugaban ƙasa na farko Yusof Ishak nasu ne, haka ma Halimah Yacob da ta riƙe muƙamin daga 2017 zuwa 2023. Duk da haka sun daɗe suna kukan cewa ba a sakin jiki da su a wasu muƙaman soja, kuma sai a 2021 aka ƙyale ma'aikatan jinya Musulmi su sa hijabi a asibitocin gwamnati. A kudancin Tailan kuwa, inda yarjejeniyar Ingila da Siyam ta 1909 ta bar ƙasar Patani a hannun Bankok, babu fifikon, babu amincewar, kuma tun 2004 rikici ya laƙume rayuka dubbai. Na Malesiya kan yi wa na Singafo gori cewa yana da kuɗi amma ba shi da iko. Na Singafo kan mayar da cewa kullum dubun-dubatar mutanen Malesiya ke tsallako gada don neman albashin Singafo. Dukansu gaskiya suke faɗa, sai dai kowa rabinta ya ɗauko. Wanda kuma ba a cika sa shi cikin hirar ba shi ne ɗan asalin Sin ko Indiya da aka haifa a Malesiya, wanda kokensa a kan Malayawa daidai yake da koken Malayawan Singafo a kan Sinawa.

A ƙasar Hausa, iyakar da ta fi kowace tasiri ita ce ta Nijeriya da Nijar, mai tsawon kusan kilomita 1,500. Ingila da Faransa ne suka tsara ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka kafa alamominta a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Ba a kan wofi aka shata ta ba, domin ta bi sawun wata tsohuwar rabuwa. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, zuriyar tsoffin sarakunan Katsina suka koma suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri, Damagaram kuma ta ci gaba da cin gashin kanta. Turawa sun tarar da daular Sakkwato a kudu da masu ƙin biyayya gare ta a arewa, suka raba kusan a kan wannan layi. Amma bambancin da ake gani yau ya fi samo asali daga yadda kowace ƙasar Turai ta yi mulki. Ingilishi sun bar sarakuna da baitulmalinsu da kotunan alƙalai da 'yan doka, suka kuma yi amfani da Hausa a mulki. Hukumar talifi ta Zariya ta shirya gasar rubuta littattafai a 1933, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Faransawa sun rage wa sarakuna ƙarfi, sun tuɓe Sarkin Damagaram a 1906, sun ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926, kuma makarantarsu ba ta san wani harshe ba sai Faransanci.

Sakamakon wannan a Nijar shi ne mafiya yawa suka daɗe ba su riƙe ragamar ƙasa ba. Diori Hamani, da Seyni Kountché, da Ali Saibou, waɗanda suka mulki ƙasar daga 1960 zuwa 1993, dukansu daga yammacin ƙasar suka fito, ƙasar Zabarmawa, inda aka fi samun 'yan boko da sojoji tun zamanin Faransa. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ke da magoya baya masu yawa a garuruwan Hausa kuma take da alaƙa da NEPU ta Malam Aminu Kano, an haramta ta a 1959, aka murƙushe yunƙurinta na 1964. Sai a 1993 aka zaɓi Mahamane Ousmane ɗan Zinder. A tsawon waɗannan shekaru Bahaushen Maraɗi ya riƙe kasuwa, wasu suka riƙe ofis. Idan ya dubi kudu sai ya ga Kano da masana'antunta, ya ji Rediyon Kaduna, ya ga ana karanta Hausa har jami'a, ya ga naira mai ƙarfi da fetur mai araha. A idonsa Nijeriya ce ƙasar da Bahaushe ya zama mutum.

Yau ma'aunin ya juya a wurare da dama, kuma mutanen Arewa sun lura. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka gudu daga 'yan bindiga suka fake a jihar Maraɗi, abin da a da ba a taɓa tsammani ba. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, sefa ta yi ƙarfi har mai ita ya fi ƙarfin saye a kasuwannin hatsi na Arewa. A watan Maris na 2025 kundin da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A Nijeriya kuwa sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 cewa ya yi za a yi aikin majalisar tarayya da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace, kuma har yau ba a yi tanadin ba. Ba abin mamaki ba ne a ji mai sauraren rediyo a Hunkuyi yana cewa 'yan Nijar sun riga mu.

A nan ya kamata a yi hattara, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ayyana harshe a kundi ba ya samar da littafi ko malami. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, amma har yanzu da Faransanci ake cin jarrabawa a samu aiki, kuma ƙasar na cikin na ƙarshe a duniya wajen yawan masu iya karatu da rubutu. Yawancin littattafan Hausa da finafinai da waƙoƙin zamani da ake saye a kasuwar Maraɗi daga Kano suke zuwa. Haka shi ma ɗan Nijar da ke ganin Bahaushen Nijeriya ya ci ribar mulki saboda Tafawa Ɓalewa da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa da Buhari, bai duba ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta fitar a 2022 ba, wadda ta nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa. Masu jin Hausa sun hau kujerar mulki sau da yawa, amma ɗan manomin rake bai samu aji mai benci ba. Abin da ya tabbata dai shi ne duk lokacin da gwamnatocin biyu suka saɓa, talakan ɓangarorin biyu ke shan wuya tare. An gani a rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake gani a takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da motocin kaya suka yi layi a Jibiya da Illela da Maigatari, albasa ta ruɓe, kuma sanatocin Arewa suka fito fili suka ƙi amincewa a kai yaƙi Nijar.

Halin Hausawan da ke 'yan tsiraru ya fi koyar da darasi. A Gana, fataucin goro ne ya kai su Salaga tun kafin zuwan Turawa, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Accra, wasu kuma suka zo cikin rundunar da Ingilishi suka ɗauka. Malamai irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, sun bar ilimi da rubuce-rubuce. Zango a Gana ya tara Mosawa da Zabarmawa da Wangarawa da Kotokoli da Dagomba, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Rana mafi muni a tarihinsu ita ce ta Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ba, suka kwashe ya-nasu-ya-nasu. Nijeriya ma ta yi irin wannan kora a 1983 a zamanin Shagari, kuma 'yan Gana ne suka fi jin jiki.

Duk da wannan tabo, mazaunin zango a yau yana da abin da zai nuna. Babban limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, jinin Hausawa ne, kuma shugabannin kowace jam'iyya na zuwa gaishe shi. Ziyarar da ya kai wata cocin Katolika a Accra a bikin Ista na 2019 ta zama abin misali a ƙasar. A 2017 gwamnati ta kafa asusu na musamman don raya zanguna. Gidan rediyon gwamnati na watsa shiri da Hausa. Amma Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar a makarantu, kuma mutanen zango na yawan kukan cewa idan sun je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa, sunan Musulunci kan jawo musu tambayoyin da ba a yi wa wasu. Idan aka tambayi mazaunin zango a Gana ko zai musanya zamansa da na ɗan'uwansa na Birnin Gwari ko Zurmi, da wuya ya yarda. Zaman lafiyar da yake da shi ya fi masa rinjayen da ba shi da shi.

Sudan ce ta nuna ƙarshen abin da rashin amincewa ke haifarwa. Hanyar Makka ta ƙasa ta ajiye Hausawa da Fulani da Barebari a can ƙarni bayan ƙarni. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu Shuɗi kusa da Sennar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, gumin waɗannan mutane na cikin abin da ya raya su. An karɓi aikinsu, amma dokokin zama ɗan ƙasa suka daɗe suna barin da yawansu a tsaka mai wuya. A watan Yulin 2022 Hausawan jihar Nilu Shuɗi suka nemi a ba su masarautarsu a tsarin sarautun gargajiya. Wasu ƙabilun yankin suka ce sarauta tana tafiya da ƙasa, ƙasa kuma tasu ce. Faɗa ya ɓarke aka kashe sama da mutum ɗari, Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum, a watan Oktoba kuma aka sake kashe kusan ɗari biyu a yankin Wad al-Mahi. Babu wanda ya musa cewa a Sudan aka haife su, su da iyayensu da kakanninsu. Gardamar ita ce ko haihuwa da daɗewa sun isa su mai da mutum mai ƙasa.

Wannan ita ce ainihin gardamar da ake yi a cikin Nijeriya, ba tare da an tsallake wata iyaka ba. An kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, kuma zuriyar waɗanda suka fara zama can sun kai hawa huɗu ko biyar. Suna zaɓe, suna biyan haraji, wasu Yarabancinsu ya fi Hausarsu, amma idan ɗayansu zai shiga aikin soja ko ya nemi tallafin karatu sai a ce ya kawo takardar asali daga wata ƙaramar hukuma ta Arewa wadda ko hanyarta bai sani ba. Tsarin mulki ya wajabta raba muƙamai tsakanin jihohi a sashe na 14, ya kuma ambaci ɗan asalin jiha wajen naɗin ministoci, amma bai fayyace yadda mazauni zai zama ɗan asali ba. Ya bar abin a hannun shugabannin ƙananan hukumomi. A Jos, tun bayan ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, wannan tambaya ce ke ƙarƙashin rikicin 1994 da 2001 da 2008 da 2010. A Kudu kuma an ga Shagamu a 1999, da Ile-Ife a 2017, da kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, wadda ta sa dillalan kayan abinci da shanu suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, da kuma Uromi a Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke hanyarsu ta komawa Kano.

Mai sayar da rake a titin Legas ko Fatakwal ya san wannan a jikinsa. Baronsa cike da rake, wuƙarsa mai kaifi a hannu yana feƙewa yana yankawa gaɓa-gaɓa. A garinsu wannan wuƙa kayan sana'a ce da ba wanda ke kallo. A can kuwa, ranar da labarin wani hari ya bazu a wayoyi, ita ce hujjar da za a kama shi da ita. Yakan kwana a masallaci ko a rumfar kasuwa, ba ya kai ƙara ko an cuce shi, kuma jakarsa a ɗaure take don ko ta kwana.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ya cancanci a yi kuka a kansa da babbar murya. Amma Hausawa kan ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da Hausawan Nilu Shuɗi suka nema a 2022, wato sarautar kansu, shi ne abin da ƙabilun kudancin Kaduna suka shekara da shekaru suna nema daga masarautar Zazzau, tun kafin su kai kukansu gaban hukumar Willink da ta binciki tsoron 'yan tsiraru a 1957 zuwa 1958. Sai da aka zubar da jini a Zangon Kataf a 1992 kafin ƙabilar Atyap ta samu masarautarta a tsakiyar shekarun 1990. Kuma ɗan yankin Makarfi ne, Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi, wanda bayan rikicin shari'a na 2000 ya ƙirƙiro ƙarin masarautu ga ƙabilun jihar, ya kuma tsara kotuna ta yadda Musulmi zai je kotun shari'a, wanda ba Musulmi ba ya je kotun gargajiya. Matakin bai warware komai da komai ba, amma ya kwantar da ƙura, kuma ya nuna cewa ba wa ɗan tsiraru sarautarsa bai rage wa mai rinjaye komai ba. Zangon Kataf kanta ta koma misali na biyu, domin Hausawan garin su ne yanzu 'yan tsiraru a ƙarƙashin masarautar da ba tasu ba.

Ko a cikin Ikara da Makarfi da Kudan akwai 'yan tsirarun da ba a cika sa su a lissafi ba. Akwai Maguzawa da Hausawa Kirista, waɗanda ba daga ko'ina suka zo ba, kuma cocin Anglika na da dayosis a Ikara. Hausarsu ta gado ce, gonakinsu na kaka da kakanni ne. Koke-kokensu sun yi kama da na mazauna zango: wahalar samun filin gina coci, ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da tsayawa nesa da sarauta da kujerar siyasa. Akwai Fulanin ruga da burtalinsu ya zama gona. Akwai Ibo mai shagon magani ko kayan gyaran babur da ya haifi 'ya'yansa a garin. Akwai kuma jikan ɗan ci-ranin Damagaram da kakansa ya zo haƙar rijiya ya yi aure ya zauna.

Ana gane matsayin kowannensu ranar neman takardar shaidar asali. Mai nema zai fara da mai unguwa, wanda zai ce ya san mahaifinsa ko bai sani ba. Daga nan sai dagaci, sai hakimi ya sa hannu ya buga hatimi, sannan a kai sakatariya da hoto a manna. Ga wanda gidansu sananne ne, aikin yini ɗaya ne. Ga wanda aka ce kakansa baƙo ne, ko sunansa bai yi kama da na masu gari ba, maganar kan tsaya tun a zauren farko, ba tare da wata doka rubutacciya da zai kama ya ɗaukaka ƙara ba. A gaskiya ƙasar Hausa ta fi wurare da yawa sauƙin haɗiye baƙo, musamman Musulmi mai jin harshen. Unguwanni da zuriyoyi masu asalin Barebari da Nufawa da Buzaye da Larabawa sun narke sun zama Hausawa a Kano da Zariya da Katsina. Wannan abin alfahari ne na gaske. Amma sauƙin yana da sharaɗi, wato baƙon ya bar nasa ya ɗauki na masu gari. Bahaushen Jos ko na Kumasi ba ya son a gindaya masa irin wannan sharaɗi, yana son ya zauna da harshensa da addininsa da sarkinsa a kuma kira shi ɗan gari. Adalci bai yarda a nema masa wannan a can a hana wani a nan ba.

A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta Nasir El-Rufai ta sanar da cewa ta daina bambanta ɗan asali da mazauni a harkokinta, ta kuma ɓullo da rajistar mazauna jiha. Manufar daidai ce, sai dai ikon jiha bai kai ga hukumomin tarayya ba, kuma soja da 'yan sanda da manyan makarantun tarayya sun ci gaba da neman takardar ƙaramar hukuma. Gyaran da zai ɗore yana cikin tsarin mulki: a rubuta ƙarara cewa wanda aka haifa a wuri, ko ya zauna shekaru ƙayyadaddu yana biyan haraji, ya cancanci duk haƙƙin ɗan wurin. Ana samun masu ƙin wannan a Kudu da Filato don tsoron kada Hausawa su mamaye su, ana kuma samun masu ƙin sa a Arewa don tsoron kada 'yan Kudu masu ilimin boko su kwashe guraben aiki. Tsoron duka biyun ba na banza ba ne, kuma ana iya kiyaye sarautun gargajiya da filayen gado daban da haƙƙin karatu da aiki da tsayawa takara. Amma idan aka yi lissafi, babu al'ummar da za ta fi Hausawa cin moriyar gyaran, domin da wuya a sami babban gari a Nijeriya da ba shi da unguwar Hausawa.

Saboda haka ya kamata 'yan majalisar tarayya masu wakiltar Makarfi da Kudan, da Ikara da Kubau, su kasance a sahun gaba wajen neman wannan gyara duk lokacin da aka buɗe kundin tsarin mulki. Kafin nan, shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan da hakimansu suna da ikon da ba sai sun jira Abuja ba. Su rubuta ƙa'idojin ba da takardar asali, su liƙa su a allon sakatariya inda kowa zai karanta, su yi aiki da su a kan Musulmi da Kirista da Bamaguje da Bafulatanin ruga bai ɗaya, kuma duk wanda aka hana a ba shi dalili a rubuce.